Tsohuwar Ɗakin Albasa

A Kano an ce mana otal ne dab da Harami, wai daga tagar madafa ma ana hango masu ɗawafi. Abin da muka tarar shi ne wani gida mai hawa huɗu a bayan tashar motocin Kudai, inda ƙugin bas-bas ba ya yankewa. Mutumin da ya tarbe mu a Jidda Bahaushe ne ɗan'uwanmu, mai fara'a da yawan salati. Shi ya karɓi fasfo ɗinmu, ya sauke mu a ƙofar gidan, ya ce zai dawo da la'asar ya kai mu mu ga Ka'aba. Har na bar ƙasar ban ƙara sa shi a ido ba.

Mu biyu muka zo, ni da Rabi. Layinmu ɗaya a Kurna, tare muka yi makarantar allo, kuma aurenmu duka bai yi ƙarko ba. Ni na fito da 'ya'ya biyu na bar su wajen mahaifiyata, ita ko ɗaya ba ta samu ba. A gida ni aka sani da girkin biki. Idan an ba ni aiki, Rabi ce mai yanka min alayyahu da wanke tukwane. Ni na ji labarin hanyar nan, ni na kai sunanta, har hoton fasfo ni na raka ta aka ɗauka. Ina faɗin wannan ne don a gane inda ciwona ya samo asali.

Madafar da aka kai mu tana dafa wa masu Umara da alhazai 'yan Afirka abinci. Sashen mata yana hannun wata Basomaliya mai suna Sahra, doguwa, mai saurin magana, kowa Mudira yake ce mata, wato shugaba. Mu goma sha ɗaya ne a ƙarƙashinta, takwas 'yan ƙasarta, sai wata 'yar Habasha, sai mu. Tun daga hantsi har la'asar Somaliyanci ke tashi a kanmu, da ƙarfi, kamar ana faɗa, alhali hira ce. Sai su kwashe da dariya, ni kuwa ina tsaye da muciya ina tunanin da ni ake.

Rabi ba ta da wannan tunanin. Idan suka yi dariya sai ita ma ta yi. Ta nuna albasa ta tambayi sunanta, ta nuna wuƙa, ta maimaita a karkace su yi mata ihu, ta sake. Kafin wata uku ta iya gaisuwa da tsokana, suna kiranta abayo, wato 'yar'uwa. Suka koya mata naɗin sambusa, wato samosa, hannunta ya faɗa, har ta fi wasu daga cikinsu sauri. Mudira ta ɗauke ta daga wanke-wanke ta ba ta babban kaskon suya, wanda ba a ba baƙo. Ni kuma aka bar ni da tuƙin tuwo a can kusurwa, tun da ba wanda ya iya sai ni, ba kuma wanda ya damu ya koya.

Ranar Juma'a ce kaɗai ranarmu. Mukan hau mota zuwa unguwar Mansur, inda Hausawa suka yi kaka-gida. Ranar da muka fara zuwa, ƙanshin daddawa ya doke ni daga wani lungu, sai na tsinci kaina ina hawaye a gefen titi. Wata budurwa mai sayar da waina, haifaffiyar nan, ta dube ni ta ce da Hausarta mai gauraye da Larabci, "Ya Hala, lesh kike kuka? Zauna, yalla, zauna." Ta zuba min waina da miyar taushe, ta ƙi karɓar komai. Tun daga nan duk mako nake ɗokin Juma'a, don ranar ce Rabi take zama tawa ni kaɗai, mu yi Hausa har bakinmu ya gaji.

Sai aka fara gayyatar ta. Yau walimar suna a gidan wata abayo, gobe shan shayi a gidan wata. Takan ce, "Hajjo, ki zo mu je mana, mutanen kirki ne."

"In je in yi me? In zauna kamar turmi ana magana a kaina?"

"Ai zan riƙa faɗa miki."

"Ki je abinki. Ni kaina ke ciwo."

Ta dawo tana ƙanshin turarensu, da sabon gyale mai ruwan ganye da wata ta ba ta. Na ce ya yi kyau. A raina kuwa ina cewa yarinyar da nake ba ƙanzon tukunya ce yau ake yi wa kyauta a Makka. Ban san wa na fi jin haushi ba, ita da ta samu shiga, ko su da suka ƙwace min ita.

Akwai abin da ni kaɗai na sani a duk ƙasar. Rabi tana da farfaɗiya tun tana budurwa, ita ce ma ta kashe mata aure. Gwajin da aka yi mana kafin tafiya bai nuna ba. Ta taho da maganinta a cikin gwangwanin man shafawa, tana sha a ɓoye. Da ya fara ƙarewa sai ta koma raba ƙwaya biyu. Wata safiyar Juma'a, sauran matan ɗakinmu sun fita, tana ɗaura ɗankwali sai na ji ƙarar faɗuwa. Na tura ƙofa na sa sakata, na janye akwati daga kusa da kanta, na juya ta gefe na zauna har jikinta ya saki. Da ta farfaɗo ta kama hannuna.

"Hajjo, don girman ɗakin Allah, kada kowa ya ji. Idan suka mayar da ni gida, ina zan sa kaina?"

Na ce, "Haba Rabi. Ni ce fa."

Kuma har ga Allah a lokacin da gaske nake.

Da aikin Hajji ya matso, Mudira ta sanar cewa mata huɗu za a zaɓa su tafi Mina su yi girki a tantunan alhazai, da takardar izini da komai. Ba aikin Hajji za su yi ba, aikin tukunya ne, amma duk wadda ta je za ta taka Arfa ranar Arfa, ta ɗaga hannu a inda ake ɗagawa. Ban yi shakka ba. Alhazan nan mutanenmu ne, tuwo da miyar kuka suke nema, wa za a ɗauka in ba ni ba? Ranar da aka karanta sunaye, uku Somalawa ne, ta huɗu Rabi. Mudira ta ce ai ta ga Rabi ma ta iya tuwo, kuma tana jin maganarsu, aiki zai fi sauri. Suka yi guɗa irin tasu, suka rungume ta. Ta waiwayo tana nemana da ido. Na yi mata murmushi na ce Allah ya sa alheri, na ajiye muciya na fita.

A bayan madafar akwai wani ɗan ɗaki da ake jibge buhunan albasa da dankali. Wata tsohuwa ce ke zama a ciki kullum, Hala Dahabo, gwaggon Mudira, Hala kuwa gwaggo ke nan da Larabci. Ƙanƙanuwa ce, baƙa, da tabon sujada a goshi, tana kan kujerar roba tana ɓare albasa cikin wani babban baho. Wata bakwai ina wucewa ta gabanta ban taɓa jin ta haɗa kalma biyar ba, ko da yarensu. Mun ɗauka kunnenta ya yi nauyi. A can nake buga waya gida idan an yi hutun azahar, don ya fi sanyi, kuma ba kowa, in ban da ita, ita kuwa ban lissafa ta cikin mutane ba.

Na zauna kan buhu na kira ƙanwata Zulai. Tana ɗauka na fara zubarwa. Na ce mata an zaɓi Rabi an bar ni. Na ce mutanen nan masu dogon wuya ba su san girki ba sai barbaɗa kayan ƙanshi, ba su san mutum ba sai mai yi musu dariya. Zulai ta ce in yi a hankali kada wani ya ji.

"Wa zai ji? Ba kowa sai wata kurmar tsohuwa, ita da buhun albasar nan duk ɗaya."

Zulai ta yi dariya, dariyar ta ƙara min ƙarfi.

"Da sun san wadda suke ɗagawa, da ba su yi guɗa ba. Mai farfaɗiya ce fa suka ɗora a kan kaskon mai. Ko makon jiya sai da ta faɗi, ni na rufe ƙofa na rufa mata asiri. Magani ma rabi-rabi take sha. Mijinta ba don haka ya koro ta ba? Amma yau ita ce ta Arfa, ni ce ta wanke muciya."

Na daɗe ina yi. Da na kashe wayar sai na ji wani sanyi a ƙirjina, irin na wanda ya amayar da abin da ya tsaya masa. Na miƙe ina kakkaɓe zanena.

"Ɗiyata."

Na duba ƙofa. Ba kowa.

"Ɗiyata, wane magani taka sha?"

Hala Dahabo ce. Ko ɗagowa ba ta yi ba, wuƙarta tana kan albasa. Hausa ce tsantsa, irin ta mutanen Sakkwato, da muryar da ta daɗe ba a yi amfani da ita ba. Na koma kan buhun na zauna.

"Hala... Hausa kike ji?"

"Awo. Ko ba ta yi kama da Hausa ba?" Ta jefa albasar cikin baho ta ɗauki wata. "Shekara talatin da wani abu ina zaune Mansur, ƙofa da ƙofa da wata 'yas Sakkwato. Ita ta amshi haihuwata ukku. Tun da Allah ya yi mata rasuwa ban da wanda nika yi da shi."

"Amma ba ki taɓa..."

"Ba ki taɓa gaishe ni da ita ba."

Na fara ba da haƙuri, ina haɗa Hausa da ɗan Larabcin da na tsinta. Ta ɗaga wuƙar ta tsayar da ni.

"Bar zancen wuyanmu, dogo ne, Allah ya yi shi. Kurma kuma an ce min ta fi sau ɗari. Yarinyar nika tambaya. Sau nawa taka faɗuwa?"

Na ce ba sosai ba. Na ce wasa nake, ɓacin rai ne ya sa na ƙara gishiri. Sai a lokacin ta dube ni. Idanunta sun yi ja saboda albasa.

"Ina da ƙane can ƙasarmu. Wannan ciwon ya kada shi cikin wuta, uwarmu ta tafi ɗibar ruwa. Ya rayu, amma bai ƙara buɗe hannunsa ba. Ban iya jin wannan magana in yi shiru, yarinya tana tsaye bakin mai. Ki tafi ki gaya mata da bakinki cewa na ji, kuma wajenki na ji. Kwana biyu na ba ki. In ba ki yi ba, ni in yi."

Kwana biyun nan na yi su kamar mai zazzaɓi. Rabi tana ta shiri, tana wanke farin hijabinta, tana tambayata abin da zan so ta roƙa min a Arfa. Sau uku ina buɗe baki. Na farko na ce mata gishiri ya yi yawa a miya. Na biyu na tambaye ta ko ta ga silifas ɗina. Na uku na tashi na bar mata ɗakin.

Rana ta uku da hantsi aka kira ta ofishin Mudira, Hala Dahabo na ciki. Ta fi awa ɗaya. Da ta fito ba ta koma kan kasko ba, ta zo kusurwata fuskarta jiƙe.

"Hajjo, sun sani. Ya aka yi suka sani? Ashe tsohuwar nan Hausa take ji kamar me. Ta ce min kada in tambaye ta inda ta samu labari."

Na ci gaba da tuƙi, tururi yana dukan fuskata. Na ce, "Ƙila gwangwanin suka gani."

Ta ce, "Ƙila." Ta jingina kanta a kafaɗata ta yi kuka, ni kuma na dafa ta da hannun da ba ya riƙe da muciya.

Ba su kore ta ba. Mudira da kanta ta kai ta asibiti, aka canja mata magani, aka raba ta da wuta. Aka cire sunanta daga masu tafiya Mina, aka sa nawa.

Mina ba wurin da zan manta ba ne. Tantuna farare iyakar ganinka, zafi yana sauka daga sama yana kuma tasowa daga ƙasa. Tukunyar da nake tuƙi a ciki, yaro zai iya wanka a cikinta. Ƙafafuna suka kumbura har takalmi ya daina shiga, fatar tafin hannuna ta saɓule. Wata tsohuwar alhajiya daga Maraɗi ta ɗanɗani miyata ta sa aka kira ni, ta shafa kaina ta ce tun da ta baro gida sai yau ta ƙoshi. Abin da na yi wata bakwai ina jira wani ya faɗa ke nan. Na ji shi, ya wuce ta gefen kunnena.

Abokan aikina uku suna hirarsu da yarensu. Ba na jin komai sai kalma ɗaya da take faɗowa lokaci zuwa lokaci: Rabi. Idan suka ambace ta sai in saci kallonsu. Sun sani? Tsohuwar ta faɗa musu? Tausayinta suke ji, ko ni suke tsinewa? Ɗaya daga cikinsu ta ga hannuna, ta kawo man shafawa ta ɗaure min da tsumma, tana magana a hankali. Har yau ban san me ta ce ba.

Ranar Arfa, bayan mun sauke abincin rana, aka ba mu ɗan lokaci. Na fita bayan tanti na fuskanci alƙibla na ɗaga hannu. Mutane ko'ina suna kuka suna roƙo, kowa da harshensa. Na yi wa 'ya'yana addu'a, na yi wa mahaifiyata. Da na zo kan Rabi sai bakina ya tsaya, don ƙasar da nake tsaye a kai tata ce.

Da muka dawo Kudai na tarar Rabi ba ta ɗakinmu. Hala Dahabo ta ɗauke ta zuwa gidanta a Mansur, wai kada ta zauna ita kaɗai da sabon magani. Na gan ta washegari a madafa. Ta yi ƙiba kaɗan, idonta ya washe. An ba ta haɗin kayan ƙanshi da naɗin sambusa, a ɗaki mai sanyi, da makullin sito a ɗaure a bakin gyalenta. Tana zaune kusa da tsohuwar, suna hira rabi Hausa rabi Somaliyanci, tsohuwar tana dariya har da tafa hannu. Zan so in ce murna na yi. Abin da na fara ji a raina shi ne: na ture ta, ta faɗa kan katifa.

Ta taso da gudu ta rungume ni. "Hajiya Hajjo! Kin roƙa min?"

Hala Dahabo ta dube ni ta saman kan Rabi, ta miƙe a hankali ta ɗauki bahonta ta fita, ta ja mana ƙofa.

Na faɗa mata a tsaye. Ban rage komai ba, don na san in na rage akwai mai cikawa. Ta saurara tana murza makullin da ke bakin gyalenta.

"Wa kike gaya wa?"

"Zulai."

"To yanzu duk layinmu sun ji ke nan." Ta saki makullin. "Har da zancen aurena?"

"Har da shi."

"Kuma da na zo ina kuka, kika ce gwangwani."

Na so ta zage ni, ko ta mare ni, in samu abin riƙewa. Ta koma ta zauna, ta jawo tiren sambusa gabanta, ta ɗauki fallen ƙullu ta naɗe shi tsaf.

"To," ta ce. "Allah ya karɓi addu'arki."

Da yamma ta zo ta kwashe sauran kayanta. Ba mu yi faɗa ba, ba ta daina gaishe ni ba. Amma daga ranar ta daina ce min Hajjo, ta koma Maman Sadiya, kamar yadda kowa yake kirana. Na ci gaba da zuwa Mansur ranar Juma'a ni kaɗai, in ci waina wajen budurwar nan. Wani lokaci nakan hango su a ƙarshen layi, Rabi riƙe da jakar tsohuwar, sai in juya baya har su wuce.

Da wa'adin aikinmu ya cika, ni na zaɓi komawa, ita aka sabunta mata. Ranar da zan tafi ta kawo min ƙullin kaya, dabino da zamzam da atamfa, ta ce in kai wa mahaifiyarta hannu da hannu.

Kwana uku da saukata na je. Inna tana tsakar gida tana tsince shinkafa. Na durƙusa na gaishe ta, ban san abin da ya riga ni isowa ba. Ta ture farantin ta kamo hannuwana biyu.

"Hajara, 'yar albarka. Rabi ta faɗa min komai a waya."

Na sunkuyar da kai.

"Ta ce da ba don ke ba, da har yanzu tana bakin wuta tana ɓoye ciwonta. Ta ce ta dalilinki aka kai ta wajen likita, yau wata goma sha huɗu ba ta faɗi ba. Ni me zan ce miki? Allah ya ba 'ya'yanki mai yi musu abin da kika yi wa tawa."

Na ce, "Inna, ba haka..."

"Yi shiru, ni dai na san abin da aka faɗa min."

Ta kwance ƙullin, ta zaɓo dabinon da ya fi kowanne girma ta sa min a tafin hannu, ta ce in ci, ni ce na fi cancanta. Na riƙe shi ina kallo. Ko a nan ma Rabi ta fi ni, kuma wannan karon ba ni da wanda zan kira in gaya wa.